Ɗaukar Hoton Titi a Zariya: Amsoshin Tambayoyin Masu Koyo

Tun da na fara yawo da kyamara a cikin gari, kusan tambayoyi iri ɗaya samari da 'yan mata suke tare ni da su, wani a bakin ƙofar jami'a a Samaru, wani a majalisar mai shayi a Tudun Wada. Na gaji da maimaitawa a tsaye, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Wai mene ne hoton titi? Da me ya bambanta da na biki ko na situdiyo?

A situdiyo da wurin biki, mutum shi yake kiran ka, ya ci ado, ya gyara tsayuwa, ya ce ɗauka. A titi babu wanda ya kira ka. Rayuwa ce take tafiya yadda ta saba, kai kuma kana neman daƙiƙar da haske da mutum da wuri suka haɗu suka ba da ma'ana: ɗan acaɓa yana ƙirga canji a ƙarƙashin gadar Kwangila, ko tsoho ya jingine kekensa a jikin ganuwa yana alwala.

Abin ya samo asali tun farkon sana'ar. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani titi a birnin Faris daga taga. Kyamarar lokacin tana buƙatar mintuna da dama kafin hoto ya kama, saboda haka duk kekunan doki da masu wucewa suka ɓace, titin ya fito kamar an share. Wanda ya fito sarai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, domin bai motsa ba. Ina son wannan labarin don ya nuna cewa tun ranar farko, mai ƙaramar sana'a a bakin titi yana cikin lissafi.

Yaya, ba ni da kyamara sai waya. In jira har in tara kuɗi?

Kada ka jira. Wayar da ke aljihunka ta isa ka koyi kusan duk abin da ke da wuyar koyo, wato ganin haske, tsara abin da zai shiga hoto, da sanin lokacin dannawa. Tana ma da fifiko guda a kan babbar kyamara: a Kasuwar Sabon Gari babu mai kallon wanda ya riƙe waya, amma ka rataya baƙar kyamara mai dogon baki, nan take za a fara tambaya ko daga gidan jarida kake ko daga hukumar haraji.

Abubuwa uku kawai zan roƙe ka. Goge gilashin kyamarar wayar da gefen riga kafin ka fara, domin maiƙon yatsa shi ke sa hoto ya fito kamar an shafa masa man kaɗanya. Kada ka buɗa yatsu a kan allo don zuƙo abu daga nesa. A yawancin wayoyi wannan yanke hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Taka da ƙafarka ka matsa. Sannan ka koyi taɓa allo a inda kake son hoton ya fito tar, ka ja alamar ranar nan ƙasa ko sama don rage ko ƙara haske.

Waɗannan lambobin, f/8 da 1/500 da ISO, suna rikita ni. Dole ne in haddace su?

Ba hadda ake yi musu ba, hannu ne yake sabawa. Ɗauki kyamara kamar ɗaki mai duhu da taga guda. Lambar da ke da f tana gaya maka faɗin tagar, sai dai a juye take: f/2 taga ce wangale, f/16 kuma 'yar kafa. Idan tagar ta yi faɗi, haske ya shiga da yawa, amma abin da ka saita a kai kaɗai zai fito tar, bayansa ya dushe. Idan ta tsuke, na kusa da na nesa duk su fito.

Ta biyu ita ce saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da tagar take a buɗe. 1/500 na nufin kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Mai tafiya a ƙasa 1/250 ya ishe shi. Babur ko doki a guje yana son 1/1000. Idan ka sauka ƙasa da 1/60 kana riƙe da kyamara a hannu, rawar hannunka za ta fara shiga hoton. ISO kuma ƙara wa hoton haske ne ta hanyar lantarki. Da rana ka bar shi a 100 ko 200, da magariba ka ɗaga zuwa 1600 ko 3200, ka haƙura da ɗan tsakuwa-tsakuwar da za ta bayyana.

Ga saitin da nake ba duk mai farawa da ƙaramar Canon ko Nikon mai gilashin da aka rubuta 18-55 a jikinsa: ka murɗa gilashin zuwa 18, inda ya fi ɗaukar wuri mai faɗi, taga f/8, ka saita nisa a kan mita 3. Tun daga kamar mita ɗaya da rabi har ƙarshen layi komai zai fito. Daga nan ka daina kallon maɓallai, ka kalli mutane.

Me ya sa idan na ɗauki mai farar riga, ko dai rigar ta ƙone ko fuskar ta yi baƙi ƙirin?

Wannan ita ce matsalarmu ta gida, kuma bidiyoyin koyarwa na Turai ba su cika taɓa ta ba. Farar shadda a tsakar rana tana mayar da haske fiye da fatarmu nesa ba kusa ba, kyamara kuwa ba ta iya riƙe duka biyun yadda ido yake yi. Ƙari a kan haka, a nan rana tana hawa kusan tsakiyar ka, sai hula ko rawani su jefa inuwa daidai kan idanu.

Maganin farko shi ne lokaci. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma daga bayan la'asar zuwa magariba, haske yana zuwa daga gefe, yana shiga ƙarƙashin hula, katangar ƙasa kuma ta yi ja kamar an toya ta. Ka sani dai magaribarmu gajeriya ce. Da an kira salla, cikin ɗan lokaci duhu ya rufe. Idan dole sai tsakar rana, nemi mutumin da ke zaune a bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa, inda hasken da ƙasa ta mayar yake haska fuska a hankali. Kuma kullum ka fifita ceto rigar: rage haske kaɗan. Fuskar da ta ɗan yi duhu ana iya ɗago ta wajen gyara, amma aikin zaren da ya ƙone ya zama fari fat ba ya dawowa.

Lokacin hunturu fa? Hazo yana ɓata min hotuna.

Ni kuwa shi nake jira duk shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada tana zama kamar labule a gaban rana, inuwa ta yi laushi, abin da ke nesa ya koma toka-toka, na kusa ya fito shi kaɗai. Je ka hanyar Wusasa da sassafe ka ga yadda Dutsen Kufena yake leƙowa ta cikin hazo, ga masu keke sun naɗe kai da rawani, ga hayaƙin masu ƙosai. Launi ne yake mutuwa a wannan lokacin, saboda haka ko dai ka nemi abu guda mai launi mai ƙarfi, kamar jan mayafi ko ruwan ɗorawar Keke Napep, ko ka mayar da hoton fari da baƙi.

Kyamara ce ba ta son hunturu. Kada ka cire gilashi a waje. Ƙura za ta sauka a kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ka riƙa ganin ɗige-ɗige a sararin sama a kowane hoto. Kada kuma ka goge gilashi a bushe da ƙura a kansa, za ka karce shi. Fara hure shi da 'yar robar iska. Da damina kuma, musamman Agusta, danshi ne abokin gaba: kyamarar da aka kulle a jaka cikin ɗaki mai danshi tana yin fumfuna a cikin gilashi.

Ina ya kamata in je a Zariya?

Ka fara da layinku. Na san ba amsar da kake so ba ce, amma a can ne ka san ƙarfe nawa mai koko take fitowa, wace katanga rana take fara bugawa, kuma babu wanda zai tambaye ka ɗan gidan wane ne kai.

Bayan nan, gari uku ne a cikin gari guda, kowanne da halinsa. Cikin birni akwai lunguna, zaurukan ƙasa masu zanko, ragowar ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, ga masu ɗinkin hannu zaune a ƙofar gida da babbar riga a cinya. Akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. Amma wurin ibada ne, sai da izinin masu kula da shi. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife ta, shi ya sa za ka ga tsofaffin gine-ginen kamfanoni wajen PZ, da cakuɗar ƙabilu da harsuna a kasuwa. Samaru ta ɗalibai ce tun kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962: masu fotokofi, masu awara, masu sayar da littattafai a ƙasa. A Wusasa akwai cocin da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa.

Shawarata ita ce kada ka yi ta zagaye kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Zaɓi kusurwa guda mai kyakkyawan haske da bango mai tsabta, ka zauna. Hoton zai zo ya same ka.

Kunya nake ji. Ta yaya zan ɗaga kyamara a gaban mutumin da ban sani ba? Sai na nemi izini?

A nan ne nake rabuwa da yawancin abin da za ka gani a intanet. Can ana koya wa mutum ya zama kamar inuwa: ya ɗauka da sauri, ya wuce, kada a gan shi. An ce Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ake yi wa kallon uban wannan fanni, har rufe ƙyallin ƙaramar kyamararsa ƙirar Leica yake yi da baƙin tef don kada a lura da shi. Wannan dabara ce ta birnin da mutane ba su san juna ba. A Zariya ba za ta yi ba. Kafin ka kai ƙarshen lungu a Kwarbai an riga an san baƙo ya shigo, kuma wataƙila wani a majalisar ya yi makarantar allo da mahaifinka. Wanda ya ɗauki hoto a sace ya yi sauri ya wuce, sunansa mara kunya, ko ma a ɗauke shi ɗan leƙen asiri.

A nan, hanyar ɓacewa ita ce a saba da kai. Ka yi sallama, ka gaisa har gaisuwa ta ƙare, kyamara tana rataye a fili inda kowa zai gan ta. Ka sayi shayi ko goro. Idan an tambaya, faɗi gaskiya a taƙaice: "Baba, koyon ɗaukar hoto nake yi, aikin hannun nan naka ne ya burge ni. Ko za ka ba ni dama in ɗauka?" Idan ya ce, "Me za ka yi da shi, yaro?" kada ka yi kwana-kwana, idan za ka sa a Instagram, ka ce za ka sa.

Za ka ce ai da zarar ya amince zai gyara zama ya ƙame, hoton ya zama na situdiyo. Haka ne, na minti biyar. Ɗauki wannan na ƙamewar, nuna masa, ku yi dariya. Sai ka ci gaba da zama. Mai sana'a ba ya iya barin aikinsa don kai. Ciniki zai zo, allura za ta koma hannu, ya manta da kai. Hoton da ka zo nema yana bayan rabin awa.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da na yi wa zuwa huɗu kafin ya bari. Ran nan na farko cewa ya yi, "Ɗana, ni ba abin kallo ba ne." Na ce Allah ya ba da haƙuri, na zauna muka yi hirar tashoshin gajeren zango. A zuwa na huɗu shi da kansa ya ce in ɗauka, amma in bari ya sa hula. Na wanke hoton na kai masa, yanzu yana manne a jikin akwatin kayan aikinsa, kuma duk layin sun san ni da mai hoton Baba. Kai wa mutane hotonsu a takarda ya buɗe min ƙofofi fiye da kowace takardar shaida.

Ba kowane hoto ne ake neman izininsa ba, gaskiya. Cunkoson kasuwa daga nesa, ko jerin masu babur a mahaɗa, ba wanda zai bi su ɗaya-ɗaya. Amma duk wanda fuskarsa ce hoton, ya san da kai. Wanda kuma ya ɗaga hannu ya ce a'a, sauke kyamara. Idan ka riga ka ɗauka, goge a gabansa.

Mata da yara fa? Da almajirai?

Matar aure ko budurwa, kada namiji ya ɗauki fuskarta ba da yardarta ba, ko da a tsakiyar kasuwa ne. Hoto guda a Facebook yana iya jawo mata fitinar da kai ba za ka ji labarinta ba. Zaure kuma iyaka ne. A nan 'yan'uwa mata masu kyamara suka fi mu dama: ke kina iya shiga cikin gida ki ɗauki masu ɗinkin hula, masu kitso, masu dakan fura, rabin rayuwar garin da mu ba ma gani. Sai dai ke ma ki tambaya ko sun yarda a fitar da shi waje, domin yarda a ɗauka daban, yarda a yaɗa daban.

Yara su ne za su bi ka suna "a ɗauke ni, a ɗauke ni", amma yardar yaro ba yarda ba ce, nemi babba. Game da almajirai ina da ra'ayi mai tsauri. Yaro da roba a hannu da yagaggiyar riga shi ne hoto mafi arha a Arewa, kowa ya ɗauka, kuma ba ya buƙatar gwaninta sai rashin tausayi. Idan da gaske rayuwarsu ta dame ka, je ka gaida malaminsu, ka nemi izini, ka zo da asuba lokacin karatu, ka ɗauki allo da tawada da hasken wuta a fuskokinsu.

Malam, ɗaukar hoto bai haramta ba?

Ni ba malami ba ne, kuma malamai sun yi saɓani. Akwai waɗanda suka sa hoton kyamara cikin hanin da ya zo a kan surantawa, sai dai don larura kamar fasfo da katin shaida. Akwai kuma waɗanda suka ce kama haske ne kamar madubi, hukuncinsa yana bin abin da aka ɗauka da abin da za a yi da shi. Tambayi malamin da ka amince da shi. Abin da ya shafe ka a titi shi ne, za ka haɗu da masu bin ra'ayi na farko, kuma ba wurin muƙabala ka zo ba.

Akwai wuraren da doka ta hana?

Akwai, kuma Zariya tana da su da yawa. Nan ne Depot, inda ake horar da sababbin sojoji, ga barikin Basawa, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da filin jirginta. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar wuraren tsaro ba da izini ba. Ka haɗa da shingen bincike, ofishin 'yan sanda, gidan gyaran hali da ƙofar banki: ko kyamara kada ka ɗaga. Jirgi mara matuƙi kuma yana buƙatar izinin hukuma kafin a tashe shi. Idan jami'i ya tsayar da kai, kada ka yi gardama. Nuna katin shaidarka da hotunan da ka ɗauka.

Ta ɗaya ɓangaren, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare hoton da ka ɗauka har shekara 50 daga fitar da shi. Wanda ya kwafe ya sa a kalanda ko fostar siyasa ba da izininka ba, ya ci haƙƙinka.

Ina son ɗaukar hawan salla. Ta ina zan ɓullo?

Kowa yana tururuwa zuwa Ƙofar Fada don jafi, kuma kowa yana dawowa da hoto iri ɗaya. Idan kana son shi, je da wuri, nemi wuri mai tudu, sa 1/1000, ka bi umarnin dogarai, kada kuma ka tsaya a gaban doki ko ka kunna filasha a idonsa. Amma ni na fi son safiyar hawan Bariki ko na Daushe a ƙofar gidajen hakimai: ana ɗaura wa doki sirdi, ana naɗa wa yaro rawani a karon farko, 'yan bindiga suna ɗura albarushi, maroƙi yana gyara murya. Wannan sai da ɗan gari. Nemi wanda zai gabatar da kai tun kafin azumi ya ƙare.

Aikin wa zan duba in ƙaru?

J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan hoto 1000 a kan wannan abu guda. Daga gare shi za ka koyi naci. Malick Sidibé ya ɗauki samarin Bamako a wuraren rawa da bakin kogi, kuma da ka gani ka san mutanen sun saki jiki da shi. Fati Abubakar ta fara nuna rayuwar yau da kullum ta Maiduguri a Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai bom. Ga kuma Vivian Maier, mai rainon yara a Shikago, wadda ta bar hotuna sama da 100,000 da kusan ba wanda ya gani sai da aka yi gwanjon kayanta a 2007.

Zan sayi kyamara ta hannu. Me zan duba?

Adadin ƙiftawar da ta yi, domin shi ne kamar kilomita a mota. Ƙananan kyamarori galibi an ƙera su ne don kimanin 100,000. Haska tocila cikin gilashi ka duba fumfuna. Ɗauki farar katanga a f/16 ka ga ko akwai ɗige. Sayi batir na biyu kafin ka sayi komai, ka san halin wutarmu. Idan kuɗi ya ragu, gilashin 35 ko 50 mara zuƙowa ya fi dogon gilashi mai zuƙowa amfani a lungu.

Gyara fa, da ajiya?

Snapseed ko Lightroom na waya sun isa. Daidaita haske, miƙe hoton idan ya karkace, yanke gefe, shi ke nan. Kada ka mayar da fatar mutum kamar roba, kada ka goge wayar lantarki ko kwata don gari ya yi kyau. Bayan shekara 30 su ne za su nuna yadda Zariyar yau take. WhatsApp yana matse hoto, saboda haka tura shi a matsayin fayil. Ka ajiye komai a wuri biyu. Na taɓa rasa aikin damina guda cur saboda memori ɗaya da na amince wa.

Na yi wata uku ina fita, har yanzu babu hoton da nake alfahari da shi. In bari?

A'a. Cikin hoto 200 da nake dawowa da su, idan na sami biyu na gode Allah. Ga aikin da zan ba ka: zaɓi wuri guda da sana'a guda, misali masu faci a hanyar Kongo ko masu yankan farce a tasha, ka je sau biyu a mako har wata biyu, a lokaci guda, da gilashi guda. Kada ka sa ko ɗaya a intanet kafin lokacin ya cika. Daga nan ka zaɓi 10, ka kai a wanke maka su a ƙaramar takarda, ka shimfiɗa a tabarma, ka kira wanda ba ya jin kunyarka ya cire biyar. Sauran biyar ɗin ka sake wanke kwafi, ka kai wa masu su.